Jajayen Tabo a Ƙafafun Lele

"Wa ya taɓa ki?"

Lele ta girgiza kai, ruwan wanka na gangarowa daga gashinta. Uwar ta juya ta wajen haske. Daga ƙauri har mazaunai tabo ne birjik, ja-ja, wasu sun fara duhu kamar kwanciyar jini bayan duka.



Yarinyar marainiya ce, tana goye mahaifinta ya rasu. Bara uwar ta auri wani kafinta, wanda ya yi ta zarya shagon ɗinkinta da sunan gyaran teburi har ta sallama masa zuciyarta. Shi ke ɗauko Lele daga makaranta, ta wuni wurin aikinsa cikin ƙurar katako, da yamma su dawo tare.

Daga ranar da ta ga tabon, uwar ta sa masa ido. Ta lura yana satar kallon ƙafafun yarinyar, da sun haɗa ido sai ya kau da kai. Ya daina zolayar ita uwar idan ta ƙona girki. Da ya ɗaga Lele zai sa ta a kafaɗa, yarinyar ta ƙwala ihu ta riƙe gwiwa, shi kuwa ya sauke ta bai ce uffan ba.

Wannan shirun ne ya fi komai ci mata rai.

Ta kai kukanta wajen yayarta. Yaya ta duba tabon ta riƙe baki, ta ce dama tun farko kirkin mutumin nan ya yi mata yawa, mai fara'a a waje ba a san abin da yake yi idan ba kowa ba.  Ranar ba su koma gida ba.

Washegari sai ga shi a ƙofar gidan Yaya, ko rigar aiki bai cire ba.

"Rabin raina, me na yi?"

"Kada ka ƙara kirana haka... Na ba ka amanar marainiya, dubi ƙafafunta."

Ya tsaya yana kallonta kamar ba da harshen da yake ji ta yi magana ba. Ya juya ya tafi. Yaya ta ce ai ga shi nan, mai gaskiya da ya rantse.

Amma a gidan Yaya, inda ko inuwarsa ba ta shiga, sababbin tabo suka feso wa Lele har a hannu. Idon sawunta ya kumbura, ta daina taka ƙasa. Da ta fara murƙususun ciwon ciki, fitsarinta ya koma kalar shayi, uwar ta saɓe ta sai asibiti.

Likita ya danna tabon da yatsa, bai dushe ba. Ya tambaya ko yarinyar ta yi mura ko ciwon maƙogwaro kwanakin baya. Ta ce ta yi. Ya ce ba duka ba ne, ƙananan hanyoyin jini ne suka kumbura suna tsiyaya a ƙarƙashin fata, kuma yakan sami yara bayan irin wannan murar. Yawanci yana wucewa cikin makonni, sai dai za a yi ta auna fitsarinta na wasu watanni saboda ƙoda.

 Maman Lele ta fito baranda ta jingina da bango, sai ta hango mijinta kan benci, kansa a sunkuye. Maƙwabciyar Yaya ce ta kai masa labari.

Ta durƙusa gabansa tana kuka, ta maimaita masa abin da likita ya ce. 

"Na riga ki ganin tabon," ya ce a hankali. "Na san ba ni ba ne, kuma daga ni sai ke... Na kasa tambayarki, don ina tsoron amsar."

Ta ɗago jajayen idanunta. Ashe duk lokacin da take gadinsa, shi ma gadinta yake, kowa na hana kansa barci a kan gado ɗaya.

"Ka yafe mini."

"Mu nemi gafarar yarinyar nan tukuna. Muna can muna zargin juna, ita tana nan tana ciwo."

Wata nas ta leƙo ta ce za a ɗebi jinin Lele, tana ta fizge-fizge, ina mahaifinta ya zo ya riƙe ta. Yaya ta matso za ta yi bayanin cewa ya rasu. Maman Lele ta riga ta, ta share hawaye, ta kama hannun mijinta mai kantar aiki ta miƙar da shi tsaye.

"Ga shi nan," ta ce.