Abin da Tauraro Bai Kwasa Ba

Ranar Alhamis da safe Nelcy Guerrero ta zauna gaban kwamfutar ajin koyon manhaja a ɗakin karatun unguwarsu da ke birnin Pasto, ta buga umarnin duba foldarta. Baƙin allon da ake buga umarni a kai bai nuna komai ba. Foldar tana nan, amma wayam. Manhajar da ta haɗa wa ƙungiyar manoman dankali, wadda za ta nuna musu washegari ko sa ɗauke ta aiki, ta yi ɓatan dabo.

Don Aristides Benavides, ɗan sanda mai ritaya, shi ne dattijon ajin, kuma da yatsa ɗaya yake farautar haruffa. Bai tsaya bi ta kan kukan Nelcy ba. Ya ajiye kofin gahawarsa, ya tambayi Malama Marleny yadda ake kwashe cikin folda a bar ta a tsaye. Ta ce umarnin gogewa ake bugawa, a bi shi da alamar tauraro.

"Tauraron nan komai yake kwasa?"

Ta ce a'a, ba ya taɓa fayil mai ɗigo a gaban sunansa, don irinsu a ɓoye suke, kuma sai mako mai zuwa za a kai ga darasinsu. Ta buga wani umarni, abubuwa biyu suka bayyana: fayil ɗin saitin manhajar da wata ƙaramar folda. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata yatsa ya dakatar da ita.

Mutum uku suka taɓa kwamfutar jiya bayan Nelcy. Don Aristides ya fara da Wilmer, mai cika baki, wanda ya taɓa aiki a shagon gyaran waya.

"Haba Don Aristides, ni zan yi wannan kwaɓar? Da ni ne, ko ƙurarta ba za ku samu ba."

Dattijon ya yarda, girman kan yaron ya wanke shi. Doña Rosalba kuwa ta rantse ba ta taɓa buɗe baƙin allon nan ita kaɗai ba, tsoronsa take ji kamar na likitan haƙori. Da linzamin kwamfuta, wato maus, take komai, kuma mai linzami foldar ɗungurungum zai ja ya zubar. Tana miƙewa ta ƙara da gulma, ta ce ai Fabián ya kamata a tausaya wa, tun sassafe yake bin Malama a baranda da tambaya.

Fabián Ortega, na ukunsu, ya zauna yana murza igiyar makullansa, wani filash ja yana lilo a jiki.

"Me ka tambayi Malama, ɗana?"

"Wata manhaja ce ta ƙi tashi. Wai ba ta ga fayil ɗin saiti ba."

"Taka?"

"Tawa."

Don Aristides ya juya ga Malama. Ta ce aikin 'yan aji lissafi kawai yake yi, ba ya neman saiti. Na Nelcy kaɗai ke nema, saboda yana tura wa manoma saƙo ta waya.

Dattijon ya yi bayani a hankali, kamar mai karanta rahoto. Wanda ya yi wannan aiki ya san baƙin allo, amma iya inda aji ya kai. Da tauraro ya kwafa zuwa filash, da tauraro ya goge, sau biyun kuma ya tsallake abin da bai san yana nan ba. Da ya je gida manhajar ta ƙi tashi, sai ya kawo wa Malama ƙorafin da mai riƙe da kayan satar kaɗai zai iya yi.

Fabián ya cire filashin ya ajiye a tebur. Ya ce shi ma aikin ƙungiyar yake nema.

Sai a lokacin Don Aristides ya bar Malama ta ƙarasa maganarta. Ƙaramar foldar nan ma'ajiya ce. Umarnin adanawa da take sa Nelcy bugawa kullum, tana yi tana ƙunƙuni, can yake kai kwafin komai. Malama ta faɗa mata kalmomin, Nelcy ta buga, fayilolin suka dawo reras. Ta gina manhajar, ta tashe ta, wayar Malama ta yi ƙara da saƙon gwaji.

Mako na gaba aka yi darasin ɓoyayyun fayiloli. Nelcy ba ta zo ba, tana wurin aiki. Kujerar Fabián ma babu kowa, sai Don Aristides ya ɗora hularsa a kai.