Mutum Nawa a Ɗakin Tukunya

A'a, yaya, ba korarta aka yi ba, ita ta ajiye aikin. Matso ki ji.

'Yar ƙanwata ce, wadda muke tsokana da Injiniya. A kamfanin sabulu take. Sabulunsu ya dinga tsagewa, manaja ya ce ta nemo gyara cikin sati ɗaya ko ya nemo wani. Ita kuwa duk dahuwar da aka yi tana sa ta a kwamfuta: zafin wuta, yawan mai, yawan soda, lokaci, har mutum nawa ke ɗakin. Sai ta sa kwamfutar ta auna duka, ta faɗi haɗin da ya fi.

Ta kuwa faɗa. Wuta kaza, mai kaza. Lokaci, faɗuwar rana. Mutum a ɗaki, ɗaya.

Tsoho mai kula da tukunya ya leƙa, ya girgiza kai. "'Yata, ba a taɓa gwada wannan ba. Shekara ashirin ba mu bar mutum shi kaɗai da tukunyar nan da magariba ba."

Ta yi dariya. "Baba, lissafi ne fa. Je ka yi sallarka."

Kowa ya watse. Ta ja ƙofa, ta ɗora kwamfutar a kan benci, ta saita wuta yadda aka ce.

Tukunya na tafasa, ɓul, ɓul. Warin soda na yaji a hanci. Can sai ta ji ƙamshin turare, irin na tsohuwar adaka. Ba ta zuba turare ba.

Tafasar ta tsaya cak. Wuta kuwa na ci.

Sai ta ji ana juya sabulun. A hankali. Muciyar ga ta can jingine da bango.

Ta duba kwamfutar. Wurin da ke nuna mutum ɗaya ya koma biyu. Hannunta bai taɓa komai ba.

"Baba, kai ne?" ta tambaya.

Numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyarta.

Lambar ta sake motsi. Ɗaya.

Wani abu ya kama gefen mayafinta, yana ja wajen tukunya.

Sifili.

Ta yi salati da ƙarfi, ta zame mayafin, ta bangaji ƙofa. Tsoho na bakin ƙofar a kan buzunsa, ashe bai tafi ba. Shi ya fizgo ta waje.

Da safe sabulu ya fito sumul, ko tsaga ɗaya babu. Manaja har da tafi. Mayafin dai an kwashe tukunya kaf ba a gan shi ba. Ita kuma tun ranar, kowane sabulu ta riƙe, ba ya kumfa a hannunta. Uwarta ke mata wanki har yau.

Bari in tashi, yaya, ga baƙi can tsaye ko ruwa ban kai musu ba.