Kwalin Kokwamba a Watan Biki

"Na nawa ke nan?" Genta ya tambaya.

"Me fa?"

"Gidan ibada. Na nawa muka shiga tun shekaranjiya?"

Fumino ta sunkuya kan taswirar da ke hannunta. A Kyoto aka haife ta, ba ta taɓa buƙatar taswira ba sai wannan makon.

"Na tara..."

"Na goma sha ɗaya, 'yar birni. Ƙafata ce ke ƙirgawa."

Ya zauna a matakalar dutse, ya ɗora kwalinsa a cinya. Kwali ne ɗaure cikin shuɗin ƙyalle, kwana uku yana yawo da shi. Kullum da safe Fumino za ta zo masaukinsa ta ce yau za su je ya gaida mahaifinta ya nemi aurenta. Kullum sai su ƙare a layin masu yawon buɗe ido. Sun ga gidan zinariya a bakin tafki. Sun ratsa jajayen ƙofofi har kan tsauni. Sun cire takalma, sun sa, sun sake cirewa.

"Akwai wani lambun duwatsu nan kusa," ta ce. "Sai ka ga yadda..."

"Fumi, jirgin ƙasan da zan hau ƙarfe huɗu ne. Na bar Inna ita kaɗai a gona. Kokwamba ba ta jiran mutum, safe da yamma ake tsinkarta."

"Baba aiki ya yi masa yawa. Ka san lokacin biki ne."

"Minti biyar nake nema. In durƙusa, in faɗi sunana, in miƙa masa wannan." Ya shafa kwalin. "Inna ce ta zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe kowacce a takarda. Sun fara laushi."

Fumino ta zauna nesa da shi kaɗan.

"Ba zai karɓa ba, Genta. A unguwarmu ba a cin kokwamba a watan Yuli. Idan ka yanka ta, cikinta kamar tambarin gidan ibadar Yasaka yake, kuma bikin Gion nasa ne. Baba ko ganinta ba ya son yi sai wata ya ƙare."

Genta ya dube ta, sai ya fashe da dariya.

"Shi ke nan? Don wannan kika kashe mini ƙafa? Haba masoyiya. Ai sai mu bar kwalin a tasha, mu sayi alawa a hanya. Tashi mu je."

Ba ta tashi ba.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa a hankali. Ya daɗe yana kallon hannayensa, manyan hannaye masu kanta, rana ta ƙona su har wuyan riga.

"Me kika ce masa ina yi?"

"Genta..."

"Me kika ce masa?"

"Na ce... a kamfanin abinci kake."

"To," ya ce. "Ashe ba kokwambar ba ce. Mai noma ta ne."

"Ba ka san unguwarmu ba. Wanda kakansa ya zo daga wani gari, har yau baƙo ake ce masa. Za su yi maka murmushi, su yabi karin harshenka, kana juya baya..."

"Su wa? Ni ba su na zo aura ba."

Ya rataya kwalin ya sauka. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ta fi jin sauƙi. Ta bi shi a baya kamar wadda ta yi sata. A mota ba su zauna tare ba. Ta ɗauka tashar jirgi zai wuce, sai ta ga ya sauka a titin Shijo.

"Ina za ka?"

"Kin nuna mini komai a garin nan ban da abu ɗaya. Daga nesa zan tsaya. Ba zan kunyata ki ba."

A tsakiyar titi ake haɗa hasumiyar biki, mai manyan tayoyin katako, wadda mutum arba'in ke ja da igiya ranar zagaye. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Da igiyar bambaro ake ɗaure ginshiƙanta, kuma shekara talatin da takwas Rokuro mahaifin Fumino ne ke kan wannan ɗauri. Yana can sama, tsoho siriri, da farin tawul ɗaure a goshi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba su yi minti biyu a bayan taro ba wata murya ta taso daga rumfar ruwan shayi.

"A'a, ga masu yawon ibada. Sannunku da lada."

Gwaggo Kinue ce, ƙanwar Rokuro, da buta a hannu. Ta ƙare wa Genta kallo daga takalmi har gashi.

"Shekaranjiya mai tasi na kusa da mu ya gan ku a gidan zinariya. Jiya matar mai tabarma ta gan ku kan tsauni. Na ce da yayana, 'yar nan ta zama mai rakiyar baƙi ne ba mu sani ba?"

"Gwaggo, don girman iyayenki..."

"Iyayena suna kwance lafiya. Naki ga shi can yana saukowa."

Rokuro ya sauko daga tsani ba gaggawa. Bai dubi 'yarsa ba. Ya tsaya gaban Genta.

"Kai ne na kamfanin abinci?"

Genta ya rusuna, ya ajiye kwalin a ƙasa, ya kwance ƙyallen, ya buɗe.

Kafintocin da ke kusa suka daina jan igiya. Wani ya yi tari. Ga su nan jere cikin takarda, kore shar, sai dai bakinsu ya fara yaushi.

"Ikon gani," in ji Gwaggo Kinue a hankali. "A watan Yuli, a gindin hasumiya. Yaro, ko wanda ya zo neman faɗa bai kai ka shiri ba."

"Na ji dokarku yau da rana, Baba," Genta ya ce. "Ban buɗe don raini ba. Mahaifiyata ce ta aiko, ba zan koma in ce mata ba a ko gani ba. Ku gafarce ni. Yanzu zan kama hanya."

Rokuro ya tsuguna. Bai taɓa su ba, kallo kawai ya yi.

"Yaushe aka tsinke su?"

"Asubar Talata."

"Yau Alhamis. A kafaɗa suka kwana uku?"

"Da dare ina sa su a firij."

Tsohon ya miƙe. Ya kwance tawul ɗin goshinsa. A gaban yaransa na aiki, a gaban 'yan kallo masu ɗaukar hoto, ya sunkuya wa Genta har gadon bayansa ya miƙe, ya daɗe a haka.

"Ni na rene ta," ya ce. "Laifin a kaina yake."

Fumino ba ta taɓa ganin mahaifinta ya sunkuya haka ba, ko ranar jana'izar mahaifiyarta. Ta ga tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare, zufa na kwance a wurin. Ta so ƙasa ta tsage.

"Baba, ka ɗago... don girman Mama ka ɗago."

Ya ɗago, sannan ya dube ta karo na farko.

"Ni na ce miki ina ƙin manomi?"

"A'a."

"Igiyar nan da nake ci da ita, daga ina bambaronta yake zuwa? Daga kamfani?"

Hawaye suka zubo mata.

"Baƙo ya zo ƙofata, kin yi ta zagaye da shi kamar akuyar sayarwa. Unguwa duk ta sani, ina zaune ina jira. Kwana uku ina aske gemu da safe."

Gwaggo Kinue ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Har yanzu ba a gabatar mini da kowa ba," ya ce.

Fumino ta share fuska da bayan hannu. Ta ɗaga murya yadda na kan hasumiya ma za su ji.

"Baba, wannan Genta Tsurumaki ne, daga Fukushima. Manomi ne. Kokwamba yake nomawa, shi da mahaifiyarsa. Na yi ƙarya a kansa don na ji kunyar abin da ba na kunya ba ne. Shi nake so... in har yana sona."

Genta bai dube ta ba. Yana nan tsaye, ƙyallen a dunƙule a hannunsa.

Rokuro ya gyaɗa kai.

"Kinue, ke a hayin kogi kike aure, dokar ba ta hau kanki ba. Ɗauki kwalin nan ki zuba musu gishiri a tukunya don kada su lalace."

"Ni ce kuma baiwar gishiri?"

"Ke ce." Ya juya ga Genta. "Ba zan ci ba sai wata ya mutu. Ranar ɗaya ga Agusta zan ci, a gidana, da rana tsaka. Ka zo ka gani da idonka. Ka taho da mahaifiyarka, in gona ta bar ta."

"Ban sani ba ko za ta zo, Baba. Ba na ɓoye mata komai."

"Daidai ne. Shi ya sa wannan za ta bi ka yau." Ya nuna Fumino da haɓa. "Ki je ki faɗa wa matar da bakinki abin da kika yi da tsarabarta. In ta kore ki, ki dawo. In ta bar ki, ki kama mata aiki."

Ya mayar da tawul goshinsa, ya hau tsani.

A jirgi Genta ya zauna gefen taga. Suka wuce garin Nagoya. Fumino ta ɗora hannunta kusa da nasa, ba ta taɓa shi ba. Can ya yi magana, idonsa na waje.

"Inna ba ta da faɗa. Shiru za ta yi miki, ya fi faɗa ciwo."

"Zan ɗauka."

"Kuma ganyen yana da ƙaiƙayi. Hannun nan naki zai yi ja."

"Ya yi."

Ya ja numfashi. Ya juya tafin hannunsa sama, ya bar shi a buɗe a tsakaninsu.

"Ƙarfe huɗu na asuba muke tashi, 'yar birni."

Ta sa hannunta a ciki.

"Ka tashe ni," ta ce.