Rigar da Ba a Warware Ba

"Sai yaushe, Badi'a?"

Ba ta ɗago ba. Tana zaune a gindin tsamiyar da ke bakin hanyar Kabo, reza a hannu, tana warware ɗinkin da mahaifiyarta ta yi kwana huɗu a kansa. Mahbub ya kafe babur ɗinsa, ya tsuguna ɗan nesa da ita.

"Bayan damina," ta ce.

"Haka kika ce bara. Damina ta wuce, an cire gyaɗa, har an cinye ta."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. Shekara biyu ke nan malamin firamaren nan yana zarya daga Gwarzo, tayar babur ɗinsa ma ta san ramukan hanyar Dugabau. Yanzu iyayensa a Lakwaya sun gaji. Sun ce nan da Juma'a, ko ta yarda su je wurin Bappa, ƙanen mahaifinta, neman aure, ko ya haƙura.

Duk rugagen Dugabau babu amaryar da ba ta son rigar Inna, mahaifiyar Badi'a: farin saƙi, an bi wuya da ƙirji da zare ja da kore da baƙi, layi bisa layi, kai ka ce da ma'auni aka ja. Tun rasuwar maigidanta, allurar nan ce abincin Inna, ita ce kuma mutuncinta. Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ɗauki shuɗi ta ce kore ne, layi ya tashi daga wuya ya nufi hammata. Amma Bafulatana ce ta asali, gara ta faɗa rijiya da ta ce ba ta gani.

Shi ya sa duk rigar da za a kai wa mai ita, sai ta fara biyowa ta gindin tsamiya. Badi'a ta warware, ta sake ɗinkewa, mutane su yi ta yabon hannun Inna.

Mahbub ya sake kawo maganar asibitin ido a Kano, ya ce aikin ba wuya. Ta tambaye shi wa zai fara buɗe baki ya gaya wa Inna. 

"Ranar da na bar gidan nan," ta ce, "ranar za a dawo mata da riga a ce ba ta yi ba. Wallahi ina son ka, Mahbub, har ba na son jin ƙarar babur ɗin wani. Amma ba zan iya ba..."

Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Zan zo ran Juma'a, masoyiyata. Ko me kika ce, zan ji."

Da ta koma gida bayan la'asar, ta tarar da Inna a ƙofar ɗaki, da ƙullin tsumma a cinya.

"Ke, zo nan."

Ke ɗin nan shi ne sunanta. Badi'a 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa barin Inna ta kira sunanta ba. Ta zauna. Inna ta shafa mata zani, ta tsinto guntun zare, ta murza shi a yatsa.

"Yau ma kin sha aiki."

 Inna ta ce tun bara ta sani. Sa'a matar Bappa ce ta kawo rigar da Inna ta ɗinka wa 'yarta a ƙara mata tsawo, ita kuwa ta shafa bayan ɗinkin ta ji ƙulli. Tun da uwarta ta koya mata allura ba ta taɓa ƙulla zare ba, cusa bakinsa take yi ƙarƙashin ɗinki. Mai ƙulli ɗaya ce a gidan nan, Badi'a, ta yi mata faɗan har ta gaji.

"Inna, kin sani... kika yi shiru?"

"Na yi shiru. Bappanki ya daɗe yana cewa in koma wurin Sa'a. Na san ranar da na ce ba na gani, can zan koma, ke kuma a kai ki Lakwaya."  "Ke kina rufa mini asiri, ni ina ɗaure ki da shi. Jiya Bappanki ya ce mutanen sun gaji. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta jiya ba."

Ta kwance ƙullin. Rigar amarya ce, wata takwas tana yin ta a ɓoye, da lalube. Shuɗi ya shiga gurbin kore, layin ƙirji ya karkace kamar kunyar gona da yaro ya huɗa. Badi'a na kuka, amma hannunta ya riga ya saba, ya nufi gefen zani inda take ƙulle reza. Inna ta cafke wuyan hannun.

"Wannan kam ban da reza, Badi'atu."

Ran Juma'a mutanen Lakwaya suka zauna a gaban Bappa. Inna da bakinta ta ce idan an gama biki a kai ta Kano a duba idon.

Ranar kai amarya mata suka yi ta zunɗen rigar da ke jikin Badi'a, wata ma ta kasa haƙuri ta tambaya wa ya yi wannan aika-aikar. Badi'a ta ɗaga lulluɓi, abin da amarya ba ta yi, ta gyara wuyan rigar don kowa ya gani.

"Innata ce," ta ce. "Ita kaɗai, da hannunta."