Nauyin da Aka Tura wa Gangare

A taƙaice, kamar yadda rahoton kwamitin bincike ya bayyana, na'urar Lallashi ta gudanar da aikinta bisa ƙa'ida. Ƙasa ce ta ƙi ba da haɗin kai.

An girke na'urar ne a ƙarƙashin Birnin Tudu, inda wata tsaga ta ratsa dutsen da birnin yake kai. Da zarar nauyi ya taru a tsagar, sai na'urar ta harba ruwa ciki, dutsen ya zame a hankali, ko shayi bai zube ba. Dakta Mamuda Zailani, wanda ya ƙirƙiro ta, yana jiran naɗin Garkuwan Birni, har an kai ɗinkin alkyabba.

Dakta ya san abin da yake koya wa ɗalibansa: nauyin da aka sauke daga tsaga ba ya ɓacewa, matsawa yake zuwa ta gaba. Shi ya sa manyan girgizar ƙasa kan zo a jere, kowace tana tayar da 'yar'uwarta. Tsaga ta gaba kuwa tana ƙarƙashin Gangare, garin abokan wasan Tudawa tun kaka da kakanni.

Injiniya Barira ta Gangare ta kira shi.

"Dakta, ku kashe abin nan. Rijiyoyinmu sun ƙafe, katangu suna darewa."

"Baiwata ce da kuka? Ai ku Gangarawa ko akuya ta yi tari sai ku kwashe tabarmi."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Haka kakanki ya ce ranar da ya gudu ya bar takalmi. Ki zo naɗi, an ajiye muku ƙanzo."

Ya maimaita hirar a majalisar birni, manya suka yi dariya har da share hawaye. Kashe na'ura gab da naɗi zai nuna akwai shakka, shi kuwa Garkuwa ba ya shakka.

Gangare ta girgiza a jajibirin naɗin. An yi Allah ya kyauta, ba a fasa taro ba. Nauyin ya bi tsagogin da suka kewaye kwarin da ke tsakanin garuruwan biyu, ya shigo Tudu ta gefen da babu na'ura, daidai lokacin da ake zagaya wa Dakta rawani.

Abin da aka rasa: unguwanni uku a Gangare, biyar a Tudu, madatsar ruwa guda, mutum dubu huɗu, ciki har da Barira. Dakta ya rasa ƙafar hagu. Garuruwan biyu ba su ƙara yi wa juna wasa ba.