Fitila a Ramin Yumɓu

Rana na shirin faɗuwa Yaya ta ɗauki kwando ta nufi ramin yumɓu, mai kyamara na biye da ita.

A ƙauyen kowa Yaya yake ce mata, don ita ta koya wa rabin matan garin ginin tukunya, har da ƙanwarta Auta. Amma da masu talabijin suka zo, Auta suka zaunar gaban kyamara. Auta mai fararen haƙora, wadda ko bakin tulu ba ta iya daidaitawa! Yaya kuwa aka ce ta ɗan matsa, inuwarta na shiga hoto. Kishi ya kama ta.

Da ma sai da aka kai ruwa rana kafin a karɓi baƙin. Matasa na so duniya ta gan su ko a gyara musu hanya, dattawa na gudun idon jama'a ya ɓata gari. Aka tsaya kan sharaɗi guda: a ɗauki komai ban da ramin, don akwai masu shi, kuma ba sa son haske.

"Can za ka ga asalin sana'a," Yaya ta raɗa wa mai kyamara. "Amma ni kaɗai za ka ɗauka."

Suka gangara. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare su. Kwaɗi suka yi tsit.

Ya kunna fitila. Yaya ta gyara ɗankwali, ta yi murmushi.

Daga cikin bango aka fara bugun yumɓu. Daf. Daf. Daf.

"Akwai wata a ciki ne?" ya tambaya.

Ƙaurin tukunyar da ake gasawa ya cika ramin, alhali ba wuta. Mai kyamara ya yar da fitilar ya ranta a na kare.

Wata murya ta zo dab da kunnenta.

"Mu muka koya wa kakarki. Wa ya taɓa nuna mu?"

Hannu mai sanyi, jiƙe da laka, ya sauka a goshinta. Ya shafo hancinta. Ya shafo leɓenta, a hankali, yadda ake goge tukunya ɗanya.

Da ƙyar salati ya fito mata. Ta haura da rarrafe, ƙaya na yagar zaninta.

Washegari dattawa suka sallami baƙin, maganar hanya kuma ta bi ruwa. Yaya ta wanke fuska, madubi ya nuna mata komai lafiya lau. Sai dai ta ratsa gari tun daga rijiya har bakin kasuwa ba wanda ya ce mata Yaya. Tsoro ya kama ta, ta wuce gidan Auta, ta same ta zaune tana gini.

Auta ta ɗago, ta dube ta sosai, ta goge hannu a zani.

"Sannu, baiwar Allah. Tukunya kike so?"