Ramuwar Ƙafar Toka

A ɗakin jira na asibitin dabbobi suka fara haɗa ido, kuma wallahi ba kallon arziki ba ne. Auta ta shigo a guje, ko mayafi ba ta gyara ba, ta tarar da wani dogon saurayi zaune, gaban rigarsa duk jini da gashin mage.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Firji na kawo gidanku, ina ja da baya, ban san tana kwance a ƙarƙashin mota ba."

"Ba ka sani ba? To, za ka sani."

Toka sunan magen. Tun idonta bai buɗe ba Auta ta tsince ta, ta raine ta da madara a cokali. Likita ya fito ya ce ƙashin cinya ne ya karye, an yi aiki an sa ƙarfe. Zama a keji ya kama ta na makonni, ba hawa, ba dira. "Ta yi tsalle ɗaya ƙarfen ya goce, sai dai a yanke ƙafar," in ji shi. Sannan ya ja Auta ciki ya nuna mata yadda ake ba da magani: a naɗe mage tsaf a tawul, kai kawai a waje, ba ta da halin yakushi balle kuɓucewa.

Auta ta koya sarai. Da ta isa gida ta ninke tawul ɗin ta cusa a ƙasan akwati, ta ɗauki waya ta kira direban.

"Mai Laifi, gobe da safe kai za ka ba ta magani, ka wanke keji, ka zubar da yashin kashinta. Kullum haka, har ta warke."

"Na amsa hukunci, Alƙaliya. Allah ya ba ta lafiya, ya huci zuciyarki."

Kash, bawan Allah ya sha wuya! Kowace safiya sai ya durƙusa a tsakiyar falo, ya buɗe keji, ya gyara wa Toka abin wuyan roba mai kama da mazurari da likita ya sa mata, ya kama ta da hannu tsirara. Ita kuwa mage ba ta san lallashi ba, ta kafa masa farce tun daga wuyan hannu har gwiwa. Auta na kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana kallo ranta fes.

"Da zafi?"

"Kaɗan."

"Ita da yawa ta ji."

Umma ta ce wannan mugunta ce. Ita ta fi son Auta ta auri ɗan ƙawarta, mai shagon wayoyi, wanda ya zo dubiya yana ta ƙamshin turare. Ya leƙa kejin ya yamutsa fuska. "Duk wannan wahala a kan mage? A samo miki wata mana." Auta ta miƙa masa kwanon yashin ta ce ya taimaka ya zubar a hanyarsa ta fita. Bai sake waiwayo gidan ba.

Abin haushi shi ne, zuciya ba ta shawara da mai ita. Auta ta fara tsintar kanta tana leƙen taga tun kafin motarsa ta tsaya. Ta lura yana ɗumama abincin Toka kafin ya ba ta, yana duba ɗinkin ko ya kumbura, yana yi mata hira ƙasa-ƙasa. Sai ta ƙara jin haushinsa, don ba haka suka yi da zuciyarta ba.

"Alƙaliyata, hannuna ya ce in tambaya, saura nawa a hukuncin?"

"Ka ce masa ko rabi bai yi ba."

"Alhamdulillahi. Ina tsoron ranar da za a sallame ni."

Abba ya gani, ya kira ta. "Mutumin da bai duba ƙarƙashin motarsa ba, shi zan damƙa wa 'yata? Ki cire wannan daga ranki."

Washegari abin da ake gudu ya faru. Direba ya sa ƙwayar a bakin Toka ke nan ta murɗe, ta gantsara masa cizo a yatsa, ta kuɓuce. Kafin a ce me, ta ja jiki ta bi hannun kujera, ta kama labule ta haye saman kabad. Ta tsaya a baki-baki tana auna ƙasa, ƙafar da aka yi wa aiki na rawa.

Auta ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Za ta diro!"

"Kada ki yi ihu," ya ce a hankali. "Abba, don Allah riƙe mini kujerar nan."

Abba ya riƙe. Direba ya tuɓe rigarsa ta sama, ya taka kujera yana kiran sunan Toka da muryar nan da ta saba ji. Ta yunƙura za ta dira, ya rufa mata rigar, ya naɗe ta tsaf, kai kawai a waje, ya sauko da ita a ƙirjinsa.

Sai da aka rufe keji Auta ta fashe da kuka. "Laifina ne. Likita ya koya mini naɗe ta a tawul, na ɓoye don ta yage ka."

Ya sunkuyar da kai. "Ni ma ya koya mini, ranar da na koma karɓo magani."

"Me? Ka sani ka yi shiru?"

"Na ga sai kin ga jinina kike samun sanyi, sai na bar ki."

"Wato saboda ka burge ni ka kusa sa a yanke mata ƙafa?"

"Ke kuma saboda ki rama."

Abba ya dube su, ya girgiza kai. "Marasa hankali biyu. Ku ɗauki baiwar Allahn nan ku kai ta a duba."

Suka shiga mota sai asibiti. Auta ta rungume kejin, a kan kowane rami tana jin kamar ƙashinta ne zai goce. Likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ƙarfe na nan daram. Amma fa ya wanke su tas, su duka biyun, har sai da suka rasa inda za su sa fuskarsu.

Daga ranar ita ke naɗewa, shi ke ba da magani. Abba da kansa ya ce wa Umma yaron da ya hau kujera da yatsa na zubar jini, bai ko dubi yatsan ba, ba za a kira shi sakarai ba. Ya ce direba ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Toka na zagaya tsakar gida da ƙafafunta huɗu, da ɗan ɗingishin da sai mai lura zai gani. Wayar amarya ta yi ƙara, saƙon ango ne ya shigo.

"Amaryata, an yafe mini?"

"Ina! Ai yanzu ka shigo hannu, angona. Toka ta yafe, ni kuwa sai na yi shekara da shekaru ina ramawa."

Umma ta leƙa wayar, ta yi dariya har da hawaye, ta dafa kan 'yarta. "Allah ya ba shi haƙurin zama da ke, Auta. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zuriya mai tausayi."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.